Zauren Anti: makarantar da ba a kaɗa mata ƙararrawar tashi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da war haka, an yi Babbar Sallah lafiya, ya damina? Wannan makon na ɗan ture wasiƙun aure da na kishiya gefe, masu su ku yi haƙuri ba mantawa nayi ba, dalili kuwa tun bayan sallah saƙonnin malaman makaranta ke ta shigo min kamar sun haɗa baki, daga Gombe, daga Azare, daga nan cikin Bauchi. Tun 19 ga Maris 2020 da gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a rufe makarantu saboda korona, a wannan Agusta na 2020 da nake rubutun nan wata na biyar kenan, kowa yana maganar yara sun zauna a gida amma ban ji wanda yace wai ya malaman suke ba. Na zaɓo huɗu. Kamar kullum bana sa sunan kowa, kuma bana sa sunan makaranta.

TAMBAYA: Anti barka da aiki Allah ya ƙara basira. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi anan cikin Gombe, ina koyar da turanci 'yan aji huɗu da biyar na firamare, shekarata shida a wurin. Da aka rufe makarantu mai makarantar tamu tace ba za a zauna haka ba, aka buɗe guruf na WhatsApp kowane aji da nasa, ni nawa biyu ne. Anti wallahi tun daga ranar ban sake sanin lokacin aiki da lokacin hutu ba, da asuba in na idar da sallah in rubuta darasi a takarda in ɗauki hoto in tura in bi shi da saƙon murya, to yaran basu da waya sai ta iyayensu, uban ya fita kasuwa da wayarsa sai dare zai dawo, shi yasa sai sha ɗayan dare aikin gida yake shigowa, hoton duk duhu ko a karkace in ta ƙura ido ina neman inda yaro ya rubuta amsa. In ban duba ba da safe in tarar wata uwa ta rubuta a guruf gaban kowa wai malama tana onlayin amma ta share mu. Albashina dubu 22 ne, watan huɗu aka bamu rabi, daga nan shiru sai dubu biyar da aka turo ana gobe sallah wai ta data. Ni ke sayen data ni ke kai caji shago in babu wuta. Abin da yasa na rubuto shine bana barci, in na kwanta ƙirjina ya dinga bugawa, ko wayar wani ce tayi ƙara sai gabana ya faɗi, ina yi wa 'ya'yana tsawa akan abin da bai kai ya kawo ba, ranar nan na mari ƙaramar don ta shigo tana kuka ina tsakiyar ɗaukar murya, daga baya na zauna nima nayi ta kuka. Abinci baya min daɗi. Maigida yace in ajiye aikin, surukata tace a kira mai ruƙiyya, ƙawata kuma tace rashin godiya ne tunda wasu ko rabin basu samu ba. Anti dan Allah haukacewa zan yi ne?
Malama daga Tudun Wada, Gombe

AMSA: Ƙanwata ba haukacewa za ki yi ba, fara cire wannan a ranki tukuna sannan mu yi magana.

Nima na riƙe alli shekaru kafin in ajiye, kuma kinsan wani abu, sai da korona ta zo na gane darajar tsohon wilin motar nan da ake ratayawa a jikin bishiyar maina a tsakar makaranta, wanda ake ba wani yaro ƙarfe ya dinga bugawa. Da ina jin haushin ƙararsa. Ashe shi ke rabon gado tsakanin aiki da rai, a buga a shiga, a buga a fita tara, a buga a tashi, kuma daga an buga na tashi ke ba malama bace kuma, maman yara ce, matar gida ce, mai zuwa barka da gaisuwar rasuwa ce. Ke yanzu an ɗauko makarantar an sa miki a aljihun jaka an bar wilin a can jikin bishiya. Ajinki yana ƙarƙashin filonki. To wace ƙwaƙwalwa ce za ta yarda tayi barci alhali ta san kowane lokaci za a iya cewa malama ga aikina?

Ba ƙararrawar kaɗai aka raba ki da ita ba. Ofishin malamai fa, inda ake zama lokacin tara a sayi ƙosai a yi gulmar firinsifal a zuba adashi, wata tace ke nima ajin nan ya ishe ni, ku yi dariya a wuce wurin? Mutane suna ɗauka zaman banza ne, ni kuwa nasan nan ne asibitin malamai. Sannan fuskar yaro lokacin da abu ya shige shi, idonsa ya buɗe ya ɗaga hannu yana anti ni anti ni, wannan shine albashin da ke riƙe malami in na aljihu ya yi ƙaranci. A guruf babu shi, ki yi bayanin minti biyar da dukkan ƙarfinki abin da za ki gani alamar shuɗi guda biyu, wani lokaci ko ita babu. Wahalar aikin ta biyo ki gida, daɗinsa bai biyo ki ba, kuɗin ma an yanke.

Maƙwabciyata anan Bauchi malama ce irinki, wata safiya na leƙa na same ta a cikin tsohuwar motar mijinta da ke fake a ƙofar gida ta rufe gilas tana zufa tana karanta wa waya jadawalin sau bakwai, don a cikin gida akwai zakara akwai injin markaɗen maƙwabta ga yara. Sau huɗu tana gogewa tana sakewa, na biyar ɗin ta kusa kammalawa mai kifi ya zo wucewa da hon. Ta kalle ni na kalle ta, dariya muka yi amma idonta ya kawo ruwa. Yanzu da damina kuma sai ruwa ya sauko kan kwano, ko kanki ba kya ji balle waya, kuma da hadari ya haɗu kinsan wuta ta tafi. Na kawo miki wannan ne don ki san ba ke kaɗai bace.

Abin nan yana da suna a wurin masana. A watan Mayun 2019, tun kafin a san da wata korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a cikin kundinta, wato ƙonewar da aiki ke yi wa mutum in matsin ya daɗe ba a yi maganinsa ba, kuma ta faɗi alamominsa uku: ƙarfi ya ƙare ƙat, mutum ya ji aikin ya fita ransa har ya fara jin haushinsa, sannan ya ga kamar ba ya iya komai da kyau. Abin da ya fi burge ni shine hukumar ba ta lissafa shi a cikin cututtuka ba, cewa tayi abu ne da yanayin aiki ke haifarwa. Kinga kenan ba a jikinki matsalar ta faro ba, a tsarin aikin ne. Kamar fitilar ƙwai ce da kananzir ya ƙare, lagwani ya koma cin kansa yana hayaƙi, ba za ki ce lagwanin ne ba shi da godiya ba. Wannan amsar ƙawarki ce, ki gaishe ta.

Amma fa bari in faɗa miki gaskiya, ni ba likita bace, kuma wasu abubuwan da kika lissafa sun wuce gajiya. Rashin barci, rashin cin abinci, kuka, bugun ƙirji, in sun haura mako biyu kusan kullum kuma kika ji abubuwan da da suke faranta miki yanzu ba sa yi, likitoci suna duba ciwon damuwa ko na fargaba, waɗannan kuma ciwo ne kamar hawan jini, suna da magani ana warkewa. Ki je a fara auna jininki a asibiti mafi kusa, ki faɗa wa likita komai yadda kika faɗa min kar ki tsaya a kan ciwon kai kawai, mu mata mun iya zuwa asibiti mu ce kai ke ciwo mu baro ainihin maganar a gida. Asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, mu nan Bauchi akwai a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), kuma zuwa can ba ya nufin an ce kin taɓu, yawancin masu zama a layin da kayansu tsaf suke zuwa su koma wurin aikinsu. Maganar surukarki kuwa ba sai kun yi rigima ba, addu'a da azkar ba su taɓa hana shan magani ba, a yi wannan a yi wancan. Abin da nake roƙonki kar ki yi shine zuwa kemis a ce a baki na barci. Ƙwayoyin nan suna kama mutum, ki fara da rabi ki wayi gari ba kya runtsawa sai da biyu, mun ga yadda maganin tari mai kodin ya yi da matan aure a arewa har gwamnati ta hana shi a 2018. In kuma, Allah ya kiyaye, kika taɓa jin ranki yana raya miki gara ki mutu ki huta, to ranar ba gobe ba, ki faɗa wa maigida ko wata 'yar'uwa a kai ki asibiti.

Sai maganar rataya wili. A saitin guruf na WhatsApp akwai inda ake mayar da shi admin kaɗai ke iya tura saƙo, ki sa a baki admin, ki buɗe ƙarfe tara na safe ki rufe ƙarfe ɗaya ko biyu, ki rubuta sanarwa cikin ladabi cewa duk aikin da ya shigo bayan haka sai gobe za a duba. Masu turowa da dare ta bayan fage su turo abinsu, ba laifinsu bane wayar ce bata gida, amma ke ba dole ki buɗe da dare ba, ki kashe data daga magariba ki bar wayar a falo ko cikin kwaba, kar ta kwana ɗaki ɗaya da ke. Daren farko hannunki zai dinga ƙaiƙayi, ki daure. Ki kashe alamar nan da ke nuna kin karanta saƙo da wadda ke nuna yaushe kika hau. Darasin ma ki rage, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, saƙon murya ɗaya na minti uku da tambaya biyar ya fi shafi uku da ba wanda zai karanta, washegari ki tura amsoshin su duba da kansu ke kuma ki zaɓi yara kaɗan ki yi musu makin, gobe wasu. In za ki ɗauki murya ki sa wayar a yanayin jirgi don kar kira ya katse ki, kuma in zakara ya yi cara a ciki ki bar shi, yaran ma a gidansu akwai zakara.

Amma kar ki yi wannan ke kaɗai, a ce ke ce mai taurin kai. Ki kira sauran malaman, kira na baki ba rubutu ba, ku tsayar da lokaci ɗaya ku je wa mai makaranta tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku nemi a rubuta muku bashin albashin da kuke bi wata wata a sa hannu ko da ba za a biya yanzu ba. Shawarar maigida ta ajiye aiki ban ce a'a ba, mai sonki ne ya faɗa, sai dai kar ki yanke ta a daren da ba ki yi barci ba, ki bari ki samu mako biyu kina barci sannan ki duba.

Ita kuma ƙaramar, ki ɗauke ta ki ɗora a cinya ki ce Umma tayi kuskure. Yara suna gane wannan fiye da yadda muke zato.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni namiji ne kuma ban saba irin wannan rubutu ba. Ina koyar da lissafi a sakandaren gwamnati a Azare. Mu alhamdulillahi albashi bai tsaya ba, shine ma abin da ke damuna. Da aka rufe na gwada haɗa guruf, a cikin yara sama da saba'in waɗanda suka shiga basu kai goma ba, sauran 'yan ƙauye ne ko waya mai tocila sai a gidan maƙwabta. Nace su dinga sauraren darasin rediyo, ban sani ba ko sun ji. Yanzu an dawo da 'yan SS 3, na shiga aji na ga abin da muka yi a zango na biyu duk ya gudu, 'yan mata biyu an musu aure basu dawo ba, wani yaro mai ƙoƙari ya tafi acaba. Ga WAEC saura kwanaki. Ina ji kamar wata huɗu haram na ci. Kuma a watan azumi na rasa kawuna da malamin da ya koya min karatu a mako ɗaya, tun lokacin bana son shiga mutane, ko majalisa na daina zuwa. Ban faɗa wa kowa ba har iyalina.
Malamin lissafi, Azare

AMSA: Malam, Allah ya jiƙan kawu da malam, ya sa sun huta, ya baku haƙuri. Duk wanda ke jihar nan ya san abin da Azare ta gani a watan Mayu, jana'iza kan jana'iza cikin azumi, har aka kulle Katagum da Giade da Zaki. Ciwon korona da ya kama gwamna Bala Mohammed da kansa tun a watan Maris ba abin wasa bane. Kuma mutuwar lokacin ta zo da wani ƙarin nauyi, ba a yi zaman makoki yadda aka saba ba, ba a cika gida an yi ta shigowa ana a yi haƙuri ba, to baƙin cikin da ba a zauna an raba shi ba yana nan inda aka bar shi. Ina ga rabin abin da kake kira laifin albashi ma makokin ne ya sake riga.

Haram kuwa ba ka ci ba. Ba kai ka rufe makaranta ba, ba ka gudu ba, ka gwada abin da ke hannunka. Karatun waya an tsara shi ne don gidan da ke da babbar waya da wuta da kuɗin data da sabis mai ƙarfi, wanda ya zauna a Abuja ko Legas yace a koma onlayin bai taɓa tsayawa kan tudu a wani ƙauyen Zaki yana ɗaga waya sama yana neman sanda ɗaya ba. Rediyo ya fi kusa da talaka kam, amma rediyo ba ya ganin yaron da ya ɓata a layi na biyu balle ya dawo da shi, kuma lissafi sai da allo. Hukumar UNESCO tace a tsakiyar abin nan ɗalibai kusan biliyan 1.6 ne rufe makarantu ya shafa a duniya, kai kaɗai ba za ka ɗauki wannan a ka ba.

Gwamnatin tarayya ta sa a dawo da 'yan ajin ƙarshe daga 4 ga Agusta, WAEC kuma 17 ga wata, mako biyu kenan ba cikakku ba don cike ramin wata huɗu, ba a fafe gora ranar tafiya amma tunda an sa ku fafewa, ka bar zancen gama manhaja, ka ɗauko tambayoyin shekarun baya ka tsaya kan wuraren da suka fi maimaituwa waɗanda kuma yaran suka taɓa iyawa, ka haɗa masu ƙoƙari da masu rauni su zauna bibbiyu da tazara da takunkuminsu. Yaron acaban nan in kana da hanyar gidansu ka taka da ƙafarka, sau da yawa uba yana jin kunyar malamin da ya zo har zaure. 'Yan matan ma in an riga an biya musu kuɗin jarrabawa a yi wa mazajen magana su bar su su zo su rubuta, aure bai goge suna a rijista ba.

Abin da ya fi tsaya min a wasiƙarka shine layin ƙarshe. Ku maza an koya muku cewa namiji ba ya faɗin abin da ke cinsa, sai a wayi gari a ce hawan jini ya kayar da wane alhali jiya lafiya ƙalau. Matarka ta riga ta gani fa, tana can tana lissafin ko ita tayi maka laifi ko aure za ka ƙara. Ka faɗa mata ko da rabin abin da ka rubuto min ne. Ka koma majalisa ko na rabin awa ne bayan la'asar, ba sai ka yi magana ba, ka zauna a sha shayi. In wata ya zagayo kana nan yadda kake, ga asibitin tarayya nan a garinku, ka shiga ka ga likita.

TAMBAYA: Hajiya Anti, ni mai makaranta ne a cikin Bauchi kuma na gaji da zagin da ake mana. Malamai goma sha huɗu gare ni, iyaye basu biya kuɗin zango na uku ba sun ce ai yara basu zo ba, ga haya ga mai gadi ga bashin banki. Motata na sayar kafin sallah na raba musu. Ni ma bana barci. Ina zan samo albashin? Kuma in ban sa su yi darasin waya ba iyaye za su kwashe yaran su kai wani wuri in an buɗe.
Mai makaranta, Bauchi

AMSA: Alhaji na ji ka, kuma sayar da motar nan Allah ya mayar da alheri, ba kowa zai yi ba. Na san ƙananan makarantun unguwa da kuɗin zango suke numfashi, in ya tsaya komai ya tsaya. Amma bari in tuna maka bambancinku, ku masu makarantu kuna da ƙungiyarku ta NAPPS da ke zuwa ta yi magana da gwamnati, malaman gwamnati suna da tasu ƙungiyar ta NUT, shi kuwa malamin makarantar kuɗi yawanci ba shi da kowa sai Allah. Ko dokar mafi ƙarancin albashi ta dubu 30 da aka sa wa hannu a Afrilun 2019 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa basu kai 25 ba, kaga malamanka goma sha huɗu ko inuwarta basu shiga ba. Don haka abin da zai kare su tsoron Allahnka ne kawai, kuma ka san hadisin da yace a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

In babu kuɗi babu, ba wanda zai matsi dutse ya fitar da ruwa. Abin da ban yarda da shi ba shine rabin albashi da cikakken aiki, ko ma babu albashi da aiki ninki biyu. In rabi za ka iya to aikin ma ya koma rabi, kwana uku a mako, awa uku a rana, kuma data a wuyanka take don kayan aiki ce kamar alli da dasta, ba ka taɓa cewa malami ya sayo alli daga gidansu ba. Ka tara su ka buɗe musu littafin kuɗi su ga abin da ya shigo da abin da ya fita, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, shirun da ake musu ya fi rashin kuɗin ciwo. Ka rubuta musu bashinsu. Kuma in wata uwa ta ci mutuncin malama a guruf kai za ka fito ka tsawatar, ba ka bi malamar ta waya kana cewa ta ba da haƙuri ba. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya ware rancen naira biliyan 50 don magidanta da ƙananan sana'o'i ta hannun bankin NIRSAL, amma ka riƙe a ranka bashi ne ba kyauta ba. Su kuma iyayen da ke karɓar darasi kullum suna cewa yara basu zo ba, ka sa musu wani abu kaɗan da za su iya, ka faɗa musu ƙarara na malamai ne.

Zoom ɗin nan da na ji wasunku suna tilastawa don a ce makaranta ta waye, a bar shi dan Allah. Na kyautar minti 40 yake yankewa, bidiyo yana shan data kamar rairayi ya samu ruwa, rabin lokacin kuma ana kuna jina kuna jina ne.

TAMBAYA: Anti ni uba ne, 'ya'yana uku a makarantar kuɗi a Gombe. Ina dawowa daga kasuwa wajen tara na dare in ba su waya su yi aiki in tura, amma malamar ɗaya sai washegari da rana take amsawa, kuma ina ganinta a onlayin. Na biya kuɗina cif. In kai ƙararta wurin shugabar makaranta?
Baban yara, Pantami

AMSA: Baban yara Allah ya saka da biyan kuɗin nan, ka fi da yawa. Amma tsakani da Allah in mai saye ya buga maka ƙofa ƙarfe goma na dare yace ka zo ka buɗe shago ka auna masa, za ka fito? Onlayin ɗin da kake gani wataƙila aikin ɗan wani take dubawa, wataƙila kuma da 'yar'uwarta take gaisawa, tana da wannan haƙƙin. Ka ci gaba da turawa da dare tunda lokacin kake da shi, ita kuma ta amsa da rana lokacin aikinta, ba abin da ya ɓace a tsakani. In akwai tsohuwar waya a gida ka bar wa uwarsu su dinga yi da hantsi, ya ma fi musu, yaro ƙarfe tara na dare gyangyaɗi yake ba karatu ba. Ƙara kuwa kar ka kai. In kana da ɗari biyar da ba ta da aiki ka tura mata kati, ka rubuta malama sannu da ƙoƙari.

Mai wasiƙar uwar miji daga Misau da ke ta turo min tuni, na gani, mako mai zuwa in sha Allahu da taki zan fara.